Gyaɗa, felet ko haɗin gida: me zaka bawa akun da ka karɓo daga hannun wani

Aku biyu ne suka biyo ta hannuna cikin shekara uku kuma duk ba siya nayi ba, karɓowa nayi, shi yasa duk wanda ya tambayeni wai me ake bawa aku yaci sai in fara tambayarsa daga wane hali tsuntsun ya fito tukunna. Ta farkon daga gidan kawuna na ɗaukota bayan rasuwarsa, Allah ya jiƙansa, ta haura shekara goma a falonsa cikin ɗan ƙaramin keji, gyaɗa da safe gyaɗa da yamma, in ana cin abinci a miƙa mata lomar shinkafa da miya, yara suna cin biskit su bata, kai har shayi mai madara tana sha a cokali ana dariya. Ranar da na ɗorata a sikelin kicin giram 590 ta nuna. Ina cewa ita ne don haka mutan gidan suka saba kiranta, amma gaskiya ba a gane namiji da mace a wannan akun da ido, sai anyi gwajin jini ko na gashi. Na biyun kuma wani maƙocina ne ya siyo hannun masu yawo da tsuntsaye, sati biyu ya gaji da ihunsa yace in zo in ɗauka ko ya buɗe keji ya sakeshi, alhali an datse masa fukafukai ko tashi bazai iya ba, mage ce kawai zata samu kalaci. Shi giram 340, ƙashin ƙirjinsa kamar bakin wuƙa in ka shafa.

Duka biyun aku kuturu ne, mai toka-toka da jan wutsiya, wanda lafiyayyensa yawanci yana tsakanin giram 400 zuwa 550. Kaga kenan ɗaya ta wuce ɗaya bai kai ba, kuma da na basu abinci iri ɗaya tun ranar farko da na cuci ɗaya daga cikinsu.

Hanyar farko ita ce wadda kowa ya sani, gyaɗa da irin sanfulawa da ɗan gero ko masara. Bazan ce bata da amfani ba, tana da arha, ko wace kasuwa akwai, bata lalacewa da wuri kuma babu akun da zai ƙi ci, wanda wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu bane ga tsuntsun da ya shigo gidanka a tsorace. Matsalar ita ce gyaɗa da sanfulawa kusan rabinsu mai ne, tsuntsun da a dajin Kuros Riba ko Kamaru ko Kwango yake tashi tafiya mai nisa kullum neman abinci shi ne ka zaunar a keji yana cin mai tsagwaronsa, to ina man zai je in ba hanta da jijiyoyin jini ba. Sannan babu bitamin A na kirki a ciki, babu kalsiyam, kuma wannan akun musamman an sanshi da matsalar ƙarancin kalsiyam a jini, sai kaga yana zaune lafiya kawai ya faɗo daga kan sanda yana jijjiga kamar mai farfaɗiya, mutanenmu suce ai jifa ne ko kambun baka. Rashin bitamin A ɗin kuma shi ke kawo yawan atishawa da toshewar hanci da wasu fararen ƙuraje cikin baki da gashi ya dushe. Ta kawun nawa bakinta na sama yayi tsayi har yana neman taɓa wuya, likitan dabbobi da ya gani bai ma tambayi me take ci ba yace gyaɗa ce ko, ai hantar ce take magana.

Akwai kuma abun da ya fi kitsen bani tsoro, funfuna. Gyaɗar da aka ajiye a wuri mai laima, musamman mai ɓawo ta ƙarshen damina, tana kama wata funfuna dake fitar da guba mai suna aflatoksin, tana cin hanta, kuma suya ko dafuwa basa kasheta, ƙurar funfunar kuma in ya shaƙa tana iya zama masa ciwon huhu mai wuyar magani. Abun haushin shine mutane gyaɗar da suka tsince suka ware saboda ta yanƙwane ko tayi ɗaci ita suke zubawa tsuntsu wai kar ayi asara. Wadda kai bazaka iya jefawa a bakinka ba kar ka bashi, shikenan.

Hanya ta biyu felet ɗin aku da ake kawowa daga waje, irin su Harrison's da Roudybush da ZuPreem, ba felet ɗin kifi ko dusar kaji nake nufi ba, na kajin ƙwai kalsiyam ɗinsa yayi yawa sosai don an yishi ne saboda kazar dake zuba ƙwai kullum, wani na kajin nama ma da magani a ciki. Shi felet ɗin aku an niƙa komai an cure wuri guda yadda bazai iya tsince abun da yake so ya watsar da sauran ba, man dake ciki yawanci kashi 5 zuwa 15 cikin ɗari ne, kuma likitocin tsuntsaye a Amurka da Turai galibi shi suke cewa ya zama fiye da rabin abincin, sauran a cike da ganye da kayan lambu. In maganar lafiya zalla ake da sauƙin lissafi babu wanda ya kaishi, kana aunawa da cokali ka san me ya shiga cikinsa, ga mai ƙiba wannan babbar garaɓasa ce. Amma fa a nan arewa samunsa aiki ne, sai kayi oda daga Legas ko Abuja ko wani ya taho maka dashi, farashinsa da dala yake tafiya, kuma in ka buɗe leda a zafin watan Afrilu bai kamata ta wuce kamar wata biyu ba ƙarni zai fara tashi, wani lokacin ma tun a shagon ya daɗe a ajiye, duba kwanan watan kafin ka biya. Abun da ya fi damuna dashi shine yankewa, ka sha wahala wata uku ka koya masa ci sai kaya ya yanke a kasuwa ka koma gidan jiya. Sannan akun da bai taɓa ganinsa ba bai san abinci bane, kallon tsakuwa yake masa.

A nan ne mutane ke yin kuskuren dake kashe tsuntsu, a cire gyaɗa gaba ɗaya a zuba felet ace ai yunwa maganin muguwar dafuwa, in ya ji wuya zai ci. Ga ɗan Adam ne wannan karin maganar, aku yana iya zama gaban kwano cike ya mutu da yunwa, kuma mai ƙibar ma da kake ganin tana da ajiya ita tafi haɗari don hanta mai kitse bata jure azumin dole. Garin gyaran gira a rasa ido kenan.

Ta uku ita ce haɗin gida, kuma ita nafi daɗewa a kai don ita ce wadda yawancinmu zamu iya riƙewa shekara da shekaru, aku fa yana iya kai shekara 40 zuwa 60 a hannun mutum, ba abun wata shida bane. Kasuwarmu cike take da abun da yake buƙata bamu sani ba. Ganyen zogale akwai kalsiyam akwai abun da jiki ke mayarwa bitamin A, karas, kabewa, dankalin Hausa mai jan ciki in ka samu, jan tattasai, har attaruhu yana ci hankali kwance don tsuntsu baya jin yaji yadda muke ji, alayyafo jefi-jefi, kuɓewa ɗanya, sai dafaffen wake wanda ya nuna luguf (ɗanyen wake kar ka kuskura), gero da dawa da acha da aka jiƙa ko aka ɗan dafa, gero mansa bai wuce kashi biyar cikin ɗari ba kaga tazararsa da gyaɗa. Dafaffen ƙwai ɗan yanki sau ɗaya ko biyu a sati haɗe da ɓawonsa a daka. Gwanda da mangwaro da gwaiba kaɗan saboda zaƙi. Kwakwar manja kuwa ita ce abincinsa na gado a daji, jan jikin nan nata cike yake da amfani kuma in ka miƙa masa zaka ga yadda yake riƙeta da ƙafa ɗaya kamar ya haɗu da ɗan garinsu, amma mai ce ita ma, ga ramamme kullum ɗaya babu laifi, ga mai ƙiba sau ɗaya a sati ya isa. Sirrin haɗin shine yankan, in ka yanka manya zai tsince masara ya watso maka karas a ƙasa yana kallonka, sai ka yanka ƙanana sosai kamar na kwaɗo ka cakuɗa yadda komai zai manne da komai.

Aibinta kuma bazan ɓoye ba, aiki ne na kullum, da zafi in ya wuce awa biyu zuwa uku a kwano ya fara tsami dole ka kwashe ka wanke, in kace zaka yi da yawa ka sa a firji to kasan halin wutarmu, kuma duk iya ƙoƙarinka bazaka auna sinadaran daidai yadda kamfani ya auna ba, musamman bitamin D wanda babu shi a ganye. Wannan kam Allah ya hutar damu, rana muke da ita har ta yi yawa, minti ashirin zuwa talatin na hantsi a tsakar gida da rabin kejin a inuwa kana zaune kusa saboda shaho da mage, amma ta bayan gilashin taga bata aiki don gilas yana tare hasken da ake buƙata. Ba tare da ranar ba kalsiyam ɗin zogalen ma jikinsa bazai ɗauka sosai ba.

Abubuwan da ko wace hanya ka ɗauka basa shiga bakinsa: fiya (wato avocado), cakulan, kofi, shayi, goro (naga dattijon dake ɓantara wa nasa goro don so, alhali abun dake hana mu barci a goron shi zuciyarsa yake bugawa), albasa, tafarnuwa, abinci mai gishiri da magi, soyayyen abu. Sannan hancinsa, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa da na fesawa da hayaƙin gawayi da kaskon nan da abinci baya kamawa in yayi zafi sosai, wannan na ƙarshen cikin mintuna yake kashe tsuntsu. A gidana sai da muka yi zaman sulhu da uwargida kan turaren wuta, ƙarshe kejin ne ya koma ɗakin waje.

To wanne zaka ɗauka, ni a wajena sikeli ne alƙali ba ra'ayi ba. Ka samu ɗan sikelin kicin mai nuna giram ɗaya-ɗaya, ka auna kullum da safe bayan yayi kashin farko kafin yaci komai, ka rubuta a littafi, in baya yarda ya hau ka ɗora ƙaramin keji ko kwali ka cire nauyinsa. Ido yana yaudara don gashi na rufe komai, aku mara lafiya ma hura gashi yake ya ƙara girma a ido. Ka haɗa da shafa ƙirji, lafiyayye zaka ji ƙashin tsakiya da tsoka ta cika gefe da gefe, ramamme ƙashin ya fito tsini, mai ƙiba kuma ƙashin ya nutse har tsakiyar tayi kwari.

In irin na biyun nan ne a hannunka, ramamme ɗan kamun daji, manta da gyaran abinci a watan farko. Bashi abun da zai ci ko gyaɗar ce, mai kyau dai, da masara ɗanya da kwakwar manja da ruwa mai tsabta, ka ajiye haɗin gida a gefe ko bazai taɓa ba, ka rufe gefe uku na kejin da zani, ka bashi barcin awa 10 zuwa 12 cikin duhu, da hunturu ka kareshi daga iska ka riƙa fesa masa ruwa da rana don ɗan kurmi ne busasshiyar iskarmu tana sa shi tsigar gashi. Ka wareshi daga kaji da tattabarunka aƙalla wata guda, ka riƙa wanke hannu, akwai cutar da aku ke ɗauke da ita mai kama mutum ta zo kamar zazzaɓi da tari. In da hali ka kaishi asibitin dabbobi, na koyarwa irin na jami'ar Ahmadu Bello a Zariya sun fi sabawa da tsuntsaye fiye da mai shagon maganin kaji na unguwa. Sai nauyi ya hau ya tsaya sannan ka fara janye gyaɗar.

In kuma irin ta kawuna ce, felet da haɗin gida tare shine abun da yayi min aiki, da safe lokacin da tafi jin yunwa haɗin kawai, da na fara sai na barbaɗa dakakkiyar gyaɗa a kai don ƙamshi ina ragewa a hankali, felet cokali biyu zuwa uku a wani kwanon, da yamma in sikeli da kashinta sun nuna bata ci ba in bata tsohon abincinta ɗan daidai kar ta kwana da yunwa. Kashin ka riƙa kallo, in ya koma ɗan kaɗan kore shar ko baƙi to ba ci take ba wasa take da abincin. Ni ƙa'idar da na sa wa kaina kar ta sauke fiye da giram biyar zuwa shida a sati, kuma duk tsuntsun da ya zubar da kashi 10 cikin ɗari na nauyinsa cikin ƴan kwanaki ba rage ƙiba yake ba, ciwo ne, a tsaya a nemi likita. Wata tara ta ɗauka kafin ta dawo 505. Keji ma na canza mata babba, na raba kwanon ruwa da na abinci nesa da juna don dole ta taka, ina naɗe abinci cikin takarda ko bawon masara ta sha wahalar ɓarewa. Ka lura da wayar kejin, sabuwar waya mai ruwan tutiya da tsohon fenti duk guba ne in yana gwaguya. Wanda bashi da halin felet kuwa haɗin gida da gero da hantsi sun fi gyaɗa zalla nesa ba kusa ba, kar rashin felet yasa ka zauna.

Yanzu maganar sabo, wanda mutane ke ɗauka daban take da abinci alhali abu ɗaya ne. Masu sayarwa zasu ce maka ka datse fiffike, ka naɗeshi a tawul ka riƙe kullum har ya daina fizga, ka hanashi abinci kwana ɗaya zai zo hannunka da kansa. Eh yana daina fizgar kam, cikin sati ma, amma ba sabo bane saduda ce, kuma aku baya mantuwa, irinsu ne bayan wata biyu suke tsige gashin ƙirjinsu tas ko su jira ranar da ka saki jiki su huda maka yatsa har ƙashi. Ɗaya hanyar a hankali take amma bata da koma baya, kuma kuɗin da zaka biya da ita shine gyaɗar nan da ka cire daga kwano. Muddin gyaɗa na zube a gabansa kyauta baka da abun da zaka sayi zuciyarsa dashi, ranar da ta zama sai daga hannunka take fitowa ranar ka zama mutum mai daraja. Ƙwaya ɗaya ina fasata gida shida ko takwas, kaga ƙwaya uku sun ishi darasin yini guda ba tare da sikeli ya motsa ba.

Yadda nake yi, farko in wuce in jefa gutsure a kwano in tafi ko kallonsa bana yi, don kallon ido cikin ido wajensu kallon mafarauci ne. Ɗan dajin nan gurnani yake in na matso, wani sauti kamar ana jan ƙarfe a siminti, inda ya fara gurnanin nan ne iyakata, in tsaya in ja baya taku ɗaya, gobe iyakar ta ɗan matso. Da ya fara karɓa ta tsakanin waya sai na kawo tsinken tsire na gutsure tsinin, in ya taɓa kan tsinken da baki ince yawwa in bashi gutsure, minti biyar safe minti biyar yamma, cikin ƴan kwanaki yana bin tsinken duk inda na kai, da haka na hau dashi kan sanda, da haka na hau dashi kan sikeli ba tare da na taɓa kamashi ba. In ya ciji hannu kar kayi ihu kar ka buga kejin, ka ajiye ka tashi, kuma yawanci ya gargaɗeka baka gani bane, gashin wuya ya tashi, ƙwayar ido tana tsukewa tana buɗewa. Shafa kuma a kai da wuya kawai, bayansa da ƙarƙashin fiffike yana tada masa sha'awa ya dawo yana kishi yana cizon mutan gida. Wata dabarar kuma ci a gabansa, su a garke suke koyon abun ci, in yaga kana cin gwanda kana santi kana miƙawa yaro kana hanashi sai kwaɗayi ya kamashi. Irene Pepperberg da ta shekara 30 tana bincike da akunta Alex a Amurka, daga 1977 har ya mutu a 2007, da irin wannan ta koya masa kalmomi sama da 100, mutum biyu suna yi a gabansa yana kallo yana kishi.

Ta kawuna sati uku ta hau hannuna don dama ta san mutane, kewar maigidanta ce ke damunta, har yau da asuba tana yin gyaran muryarsa sak sai gaban mutum ya faɗi. Ɗan dajin kuwa, maƙocina aka ce masa wai yaro ne zai yi magana da wuri, ƙarya ne, ƙwayar idonsa ruwan ɗorawa ce fayau, na yaro baƙi-baƙi ne ko toka, babba ne aka kamo da danƙo. Kuma don Allah kar tausayi yasa ka siya a hannun masu yawo dasu kace ceto kayi, kuɗinka ne zai kamo na gaba, tun taron 2016 na CITES (yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji) a Johannesburg aka hana cinikin na daji tsakanin ƙasashe, a Ghana bincike ya nuna sama da kashi 90 cikin ɗari nasu sun ɓace tun daga 1992. Wanda ya riga ya faɗo hannunka shine nake magana a kai.

Ɗan dajin yanzu wata goma sha huɗu kenan a hannuna, giram 445, felet ya ƙi har yau sai in na jiƙa na cakuɗa da dankali, fukafukan sun fito bayan ya zubar da tsoffin, yana hawa sanda yana karɓa a yatsana amma tafin hannuna ko hannun rigata bai yarda ba tukunna, jiya ma ƙafa ɗaya ya ɗora ya tsaya yana kallona kusan minti guda sannan ya janye ya koma kan sandarsa da gutsuren gyaɗar a baki.